Daga Kaka Zuwa Kaka: Yadda Ake Tafiyar da Ƙungiyar Mata Shekara Guda a Damagaram

Kafa ƙungiyar mata ba abu ne mai wuya ba a Damagaram. Daga Birni har Zango, daga Garin Malam har Sabon Gari, da wuya a sami unguwar da ba a taɓa tara mata ashirin a tsakar gida ɗaya aka ce daga yau za a riƙa zubi ba. Wuyar tana wajen kai shekara ana gaisawa. Yawancin ƙungiyoyin da ke watsewa kuma ba sata ke kashe su ba. Azumi ne zai zo taro ya yi sanyi, Sallah ta share abin da ke hannun kowa, damana ta janye rabin mata zuwa gona, zazzaɓin yara ya cinye ragowar, sai a farga an yi wata biyu ba a buɗe akwati ba. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke zuwa ba zato. Duk shekara suna tafe, kusan ma an san ranarsu. Ƙungiyar da ta shirya musu tun zaman farko ita ce ke ganin ranar rabo.

Tsarin da zan bi a nan shi ne na asusu, irin na Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara da matan jihar Maradi a 1991, daga nan ya bazu har wasu ƙasashe. Ya sha bamban da adashe. A adashe kowa na zubawa, mutum ɗaya ya kwashe, har a zagayo. A asusu kuɗin na zama cikin akwati, ana ba da rance daga ciki, ana juya wani sashe, ranar da aka yanka a fasa a raba. Adashe ya fi sauƙin riƙo, amma bai san uzuri ba: in ɗanki ya kwanta yau, kwasarki kuwa sai nan da wata huɗu, babu abin da zai tsinana miki.

Mataki na farko: ku fara yanke ranar fasawa

Kafin a yi maganar nawa za a zuba ko wa za ta yi shugaba, a tsayar da ranar da za a fasa asusun, domin a kanta komai zai rataya. Lokuta uku mata suka fi so. Akwai masu cewa daf da Sallah. Ni dai ban goyi bayan wannan ba, don kuɗin da aka raba saura kwana goma Sallah wajen tela da mai atamfa zai kwana, bayan mako biyu babu ko alamarsa. Akwai masu cewa farkon damana, wajen watan Mayu ko Yuni, lokacin neman iri da abin da za a ci a shiga gona. Ga matan ƙauyukan Mirya, Matamai ko Magarya, waɗanda rayuwarsu ta dogara da noma, wannan ya yi daidai. Amma ga matan cikin gari, masu saye da tiya, na fi ganin ƙarshen Oktoba: gero ya shigo, wake da gyaɗa sun shigo, farashi ya sauka, wadda ta karɓi rabonta za ta iya ajiye buhu a ɗaki. Masu bashi ma a lokacin ne suka fi samun abin biya.

In kun zaɓi wannan, za ku fara zubi a makon farko na Nuwamba. Shekara mako 52 ce, ku lissafa 48 na zubi, ku bar huɗu: makon ƙaramar Sallah, makon Layya, da biyu na ko-ta-kwana, don ranar da ruwa zai hana fita ko aka yi rasuwa a unguwa. Sannan ku ɗauko kalanda ku duba inda azumi zai faɗa. A 2026 ya kama a tsakiyar Fabrairu, Layya ta zo ƙarshen Mayu, kuma kowace shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11. Ku rubuta waɗannan ranaku a shafin farko na kaye.

Mataki na biyu: su wa za su shiga

Daga 15 zuwa 25 ya isa, iyaka 30. In aka wuce haka ƙirga kuɗi kaɗai zai kai ku magariba. Su kasance ƴan unguwa ɗaya, masu iya zuwa da ƙafa. Wadda sai ta hau kabu-kabu za ta zo, kuɗin hawanta zai kusa kamo zubinta, ba za ta jure ba. Matan ne za su zaɓi junansu, ba wani ya kawo jerin sunaye daga waje ba. Kowa ta san maƙwabciyar da in ta ari tukunya sai an bi ta, kuma gara a ji kunyar hana ta shiga yau da a je gaban mai unguwa da ita gobe.

Kowace matar aure ta sanar da maigidanta tun farko, ta gaya masa rana da lokaci da gidan da ake taruwa. Dattijai biyu cikinku su je su gaida mai unguwa su shaida masa. Maganar takardar hukuma kuwa kada ta ɗauke muku hankali a watannin farko. Birnin Damagaram gundumomi biyar ne, kowace da ma'aikatarta, can za a gaya muku takardun da ake buƙata. In nan gaba kuna son zama ƙungiyar haɗin gwiwa mai rajista, dokar 2010 ta OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci na wasu ƙasashen Afirka har da Nijar, ta ba da damar kafa mai sauƙin tsari da mutum biyar kacal. Amma ku bari sai kun yi rabon farko lafiya. Ƙungiyar da aka kafa don jiran furoje, ranar da aka ji furoje ya wuce wata unguwa ranar take mutuwa.

Mataki na uku: shugabanni da makullai

Mutum biyar ake zaɓa: shugaba, sakatariya, mai ajiyar akwati, da masu ƙirga biyu. Bayan su sai wasu uku daban masu riƙon makulli, domin akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo uku, kowane maƙeri ko mai walda zai ƙera muku shi. Mai akwati ba ta da makulli, masu makulli ba su da akwati. Kada biyu daga cikin huɗun nan su fito gida ɗaya: ba uwa da ƴa ba, ba ya da ƙanwa ba, ba kishiyoyi ba, ko da kuwa zamansu lafiya lau ne.

A nan kunya ke yi mana ɓarna. Za a ga Hajiya babba zaune, ita ta ba da tsakar gidanta, ita ta kawo tabarmi, sai wata ta ce, “Ai Hajiya, ke ce uwarmu, ke za ki riƙe mu,” kowa ya yi shiru, an gama zaɓe. Alhali aikin shugaba shi ne ta iya duban ƙawarta ta ce, “Yaya, yau ne ranar biyanki.” In Hajiya na iya wannan, madalla. In ba ta iyawa, a naɗa ta uwar ƙungiya, mai sasanci da ba da shawara, girmanta na nan, a ba wata aikin. Zaɓen kuma a yi shi a ɓoye: a jera kwanoni masu murfi a cikin ɗaki, kowane da alamar ƴar takara ɗaya, kowace mace ta shiga ita kaɗai ta jefa tsakuwa.

Sakatariya ba lalle sai wadda ta yi lakwal ba. Wadda ta iya ajami da lambobi ta wadatar, kuma a garin nan ba a rasa su.

Mataki na huɗu: doka

Ku ba wannan zama biyu ko uku, kada ku yi gaggawa. Abin da ba a faɗa ba a Nuwamba shi zai zama rigima a Agusta.

Zubi a yanka shi hannu-hannu. Misali hannu ɗaya sefa 250, kowace mace na iya zuba daga hannu ɗaya zuwa biyar a mako, gwargwadon ƙarfinta ranar. Ta haka mai sayar da ƙosai da matar ɗan kasuwa za su zauna tabarma ɗaya, babu mai jin an fi ta ko an danne ta. Kowa da ɗan littafinta, kowane hannu a buga mata tambari ɗaya. Ko ba ta karatu za ta ƙirga tambarinta.

A kula da wani abu ƙarami da ke rikita kaye. Bakinmu da dala yake ƙirga, takarda kuwa da sefa. Mace za ta ce ta zuba ɗari, tana nufin dala ɗari, wato 500, sakatariya ta rubuta 100, bayan wata shida babu mai iya warware zancen. Ku tsayar da ɗaya: a faɗa da dala in ana so, amma a rubuta adadin da ke jikin kuɗin. Naira kuma kada ta shiga akwati. Mai sarin kaya daga Kano ta canza kafin ta zo, don darajarta ba ta tsayawa wuri ɗaya.

Ban da zubi akwai kuɗin taimako, dala goma kowa a mako, a jakarsa daban cikin akwatin. Mata 25 za su tara 1,250 a mako, 60,000 a shekara. Ba a rancensa don sana'a, ba a raba shi. A rubuta abin da yake ɗauka da adadin kowane: kwanciya a likita, haihuwa, rasuwar miji ko ɗa, gobara, faɗuwar ɗaki. Biki ba ya ciki. Na san wannan zai yi wa wasu ciwo, amma aure da suna ba sa ƙarewa a unguwa, in aka buɗe musu ƙofa kafin damana jakar ta bushe. Gudummawar biki kowa ta yi daga aljihunta kamar yadda aka saba.

Tara ta zama ƴar kaɗan amma a karɓe ta daga kowa, har shugaba: latti dala biyar, fashi ba uzuri dala ashirin. A faɗi uzurin da aka yarda da shi: ciwo, jinya, jego, takaba, tafiya. Mai takaba wata huɗu da kwana goma za ta yi ba ta zo ba, sai ta riƙa aiko da zubinta ta hannun wadda ta ambata a gaban kowa. Wadda ta yi tafiya ta turo ta Nita ko Amana, a karɓo kuɗin a hannu a zuba su cikin kwano ranar taro. Kada zubin kowa ya kwana a wayar sakatariya.

Sai tambayoyi biyu da ba a son yi amma dole a yi su. In aure ya mutu mace ta koma garinsu, me za a yi da kuɗinta? Mafi adalci ta zaɓa: ko ta jira ranar rabo ta sami nata cikakke, ko ta karɓi abin da ta zuba kawai bayan an cire bashinta. In kuma Allah ya yi wa wata rasuwa, zubinta na magada ne. Bashin da ke kanta fa, za a cire ne ko za a yafe? Ku yanke yanzu, tun babu sunan kowa a cikin maganar.

Zaman mako

Alhamis ranar babbar kasuwa ce, masu sana'a na Kasuwar Dole. Juma'a ta tafi, Asabar da Lahadi na biki ne. Ya rage Litinin, Talata ko Laraba, bayan la'asar, a tashi kafin magariba.

A zauna a kewaye, akwati a tsakiya inda kowa ke ganinsa. Bayan addu'a da kiran suna, kafin a taɓa kwaɗo, shugaba ta tambaya: “Nawa muka bari wancan mako?” Matan ne za su amsa, ba sakatariya ba. Sai a buɗe, masu ƙirga su ƙirga da ƙarfi, a ga ko ya yi daidai. Daga nan kuɗin taimako, sai zubi, kowa a kira ta ta miƙa, a faɗi adadin, a buga tambari. Sai masu biyan bashi, sai masu neman rance. A ƙirga abin da ya rage, a faɗa sau biyu, kowa ta maimaita, a kulle.

Doka ɗaya ce ba ta da sassauci: ba a karɓar kuɗi, ba a ba da kuɗi, sai a wannan zama. Ko da tsakar dare aka buga wa mai akwati ƙofa da kuka, amsarta ita ce ba ta da makulli. Wannan kariya ce gare ta kafin kowa. In larura ta gaggawa ce, a ranta daga aljihun wata, ranar taro a mayar mata daga jakar taimako.

Abin da ya rage na lokaci, ko minti ashirin ne, shi ne na karatu ko tattaunawa, kuma shi ke canzawa da yanayi.

Nuwamba zuwa Janairu: a tara, a saya, a koya

Makonni shida ko takwas na farko kada a ba da rance, a bar akwati ya yi nauyi, a kuma ga masu zuwa da gaske. Mata 25 in kowa na zuba hannu biyu, 12,500 ke shiga duk mako, cikin mako takwas an sami 100,000.

Da wani sashe na wannan za ku yi sayayyar kaka. Wake ya fi ba da riba, shi ya fi saurin lalacewa kuma. A shanya shi ya bushe ƙarau, a zuba a buhun nan mai ciki uku da ake kira PICS, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, a ɗora kan katako nesa da bango. Ba ya buƙatar magani, muddin ɓera bai huda ba kuma ba a riƙa buɗewa ana leƙe ba. Amma kada ku zuba fiye da kashi ɗaya cikin uku na kuɗinku a hatsi. Ba kullum farashi ke tashi yadda ake zato ba. Gwamnati na iya hana fitar da abinci waje, kamar yadda ta yi a Oktoban 2024, OPVN, ma'aikatar ajiyar cimaka ta gwamnati, kuma na fito da nata a sayar da rahusa lokacin tsanani. Ɗakin ajiyar ma kwaɗo biyu, makulli a hannu biyu. In kuna da niyyar kiwon rago, yanzu ne za ku sayi harawa, tun tana zube a gefen hanya.

Duk wani koyon sana'a mai cin ruwa, sabulu ko rini, a yi shi cikin sanyi. Duk wanda ya yi bazara a Damagaram ya san dalili. Wajen sabulu a kiyaye: soda ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin soda ba, da safar hannu, a roba mai kauri, ban da tukunyar dalma, yara kuma a kore su nesa. Kafin ku gayyato mai koyarwa ku tambayi kanku wa zai saya. Mata 25 a unguwa ɗaya duk su koyi sabulun ruwa, wa zai sayi na wa? Gara a rarrabu: waɗannan man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, waɗancan turaren wuta, masu hannun alkaki su riƙe alkakinsu, wanda dama baƙo ba ya barin garin nan bai nemi tsarabarsa ba.

Rance da maganar ƙari

Rance na farko ya zama ƙarami, na wata ɗaya zuwa uku, kuma kada ya wuce ninki uku na abin da mace ta zuba. Ta faɗi abin da za ta yi da shi a gaban kowa. Mai bashi ba ta ɗaukar wani sai ta biya. Wanda ya fi kowane haɗari shi ne rancen da mace ta karɓa da sunanta ta miƙa wa wani, miji ko ƙane ko ɗa. Ba za ku iya hanawa ba, amma a gaya mata ƙarara cewa ƙungiya ita ta sani.

Ƙungiyoyi da yawa na ɗora kashi goma cikin ɗari a wata: ki karɓi jika goma, ki maido sha ɗaya. Hujjarsu ita ce ƙarin ba ya zuwa aljihun wani baƙo, ranar rabo kanmu yake dawowa. Malamai da yawa kuwa na cewa ƙari a kan rance riba ne, ko wa zai ci. Kada ku binne wannan magana. In kuka binne ta, wata rana mace za ta dawo daga islamiyya ta ce a ba ta kuɗinta, wasu biyar su bi ta. Ku kai tambayar gaban malamin da kuka yarda da shi tun watan farko.

Akwai mafita, kuma a ganina ta fi tsabta ko ta fuskar kasuwanci. Rancen kuɗi ya zama ba ƙari, na larura. Mai neman jari kuwa, ƙungiya ta sayo mata kayan da kanta ta sayar mata da bashi. Misali mai ƙuli-ƙuli na son buhun gyaɗa: mutum biyu su je kasuwa su sayo shi jika 30, ya shigo hannun ƙungiya, a sayar mata jika 32 biyan wata biyu. Farashin an yanke shi, ko ta yi jinkiri ba ya ƙaruwa. Ta haka kun tabbata jarin ya shiga sana'a, bai bi ta wata hanya ba. Wahalarsa zirga-zirgar kasuwa ce, sai a riƙa karɓa-karɓa.

Azumi, bazara, Layya

Da azumi ya kama a maido da taro hantsi. Bayan la'asar kowace mace na gaban murhu, babu mai zuwa. A taƙaita shi ga zubi da biya kawai. Mako biyu kafin azumi kuwa ku yi tsammanin masu neman jari da yawa, masu ƙanƙara da zoɓo da ƙosai da kunu, kuma wannan jari ne mai saurin dawowa, a ba shi gaba.

Daga farkon azumi zuwa Layya kwana ɗari ne ko kusa, daidai tsawon kiwon turka. Don haka ragon a saye shi kafin azumi, a kasuwar dabbobi ta gari ko a Mirya ranar Lahadi, a tafi da wanda ya san haƙori. A duba ido, ƙafa, kunne, don mai aibi ba ya layya, ba zai yi kuɗi ba. A kira ma'aikacin dabbobi ya yi allura ya ba da maganin tsutsa a makon farko. Harawa, dusa, kanwa, ruwa, inuwa. A rubuta tun ranar saye: in ya mutu ba da sakaci ba asarar ta ƙungiya ce, in an sayar mai kiwo na da kaso kaza cikin ribar. Raguna biyu ko uku sun isa shekarar farko, domin watannin nan ne ruwa ke tsada, mata na kwana a layin famfo, jarkar ƴan garuwa na tashi. Rago ba ya jin wannan bayani. A sayar mako ɗaya ko biyu kafin Sallah, kada a jira jajibiri.

A watan Mayu akwai ranar 13, ranar matan Nijar. Asalinta 13 ga Mayun 1991 ne, ranar da mata suka fito a Yamai suka yi tattaki saboda an ware su daga kwamitin shirya babban taron ƙasa, har aka ƙara musu kujeru. Yanzu an fi saninta da zane da anko. Mai so ta saya da kuɗinta, amma ko dala kada ta fita daga akwati don zane, kada kuma a matsa wa wadda ba ta da hali. In za ku yi wani abu ranar, ku baje kayan sana'arku, ko ku gayyato wata ƙungiya da ta girme ku ku ji yadda suka yi rabonsu.

Damana: a rage gudu, kada a tsaya

Nan ne ake gane ƙungiya. Daga Yuni zuwa Satumba abinci ya yi tsada, ciniki ya ja baya, masu gamana na gona. Amfanin tsarin hannu-hannu a nan yake fitowa: mai zuba uku ta koma ɗaya, babu abin kunya. In zuwa kowane mako ya gagara a koma mako biyu-biyu, amma kada a ce an ɗage sai bayan damana. Akwatin da ya yi wata uku a kulle, zato ne zai fara shigarsa. A kuma tabbatar yana ɗakin da ba ya yoyo, littattafai cikin leda.

Hatsin da kuka ajiye yanzu ne za a fito da shi. A fara sayar wa ƴan ƙungiya, ƙasa kaɗan da farashin kasuwa, tiya-tiya, kuɗi hannu, ragowar a kai kasuwa.

Minti ashirin ɗin karatu a ba lafiyar yara. A roƙi ma'aikaciyar likitar unguwa ta zo sau ɗaya ko biyu. Daga Yuli zuwa Oktoba ana bi gida-gida wata-wata da maganin rigakafin zazzaɓin sauro na yara daga wata 3 zuwa shekara 5. Na ranar farko a gaban masu rabawa ake sha, na kwana biyun da ke biye a hannun uwa yake, kuma nan ake mantuwa. Ku riƙa tuna wa juna a taro. Ta kuma koya muku awon damtsen yaro da ɗan zaren nan mai launi uku: kore lafiya, rawaya a je likita, ja a tafi yau ba gobe ba. Duk wadda ta haihu cikinku, a naɗa mutum ɗaya ta bi mata maganar takardar haihuwa kafin kwana 60 su cika, don bayan nan sai an bi ta kotu, kuma ranar da yaro zai yi jarrabawa ake tuna ta.

Jakar taimako a waɗannan watanni za ta sha jiki. Dama don su aka tara ta.

A Satumba, kafin komawa lakwal, ku haɗa jerin abin da yaranku ke buƙata, kaye da bik da allo, a sayo a sari, kowa ta biya nata. Sauƙin da ake samu ba kaɗan ba ne.

Rufe rance da fasa asusu

Rance na ƙarshe ya fita a farkon Agusta, komai ya dawo kafin tsakiyar Oktoba. Tun saura mako shida a riƙa karanta sunayen masu bashi a kowane zama. Wadda ta gaza, dattijai biyu su same ta a gida, ba a bakin famfo ba. In har ranar ta zo ba ta cika ba, a cire daga rabonta. Abin da ya sa aka ce rance kada ya yi wa zubi nisa ke nan.

Ranar fasawa a fara da safe, kuma kada a yi shelarta a unguwa. Kwana biyu kafin nan a nemo canji, ƙananan takardu da tsaba, don rashin canji kaɗai na iya ɓata ranar. A ware jakar taimako gefe. A juye sauran a faranti a ƙirga sau biyu, mutum biyu daban. Sai a ƙirga tambarin kowane littafi, mai shi na kallo, a haɗa jimilla. A raba kuɗin da yawan tambari, abin da ya fito shi ne darajar hannu ɗaya.

Misali: tambari 2,400 aka buga a shekara, wato an zuba 600,000. A faranti an sami 690,000, da ribar wake da ta raguna da tara. In aka raba, hannu ɗaya ya zama 287.5. Wadda ke da tambari 96 ta zuba 24,000, za ta karɓi 27,600. Mai 60 za ta karɓi 17,250. A yi lissafin a waya biyu daban, a rubuta na kowa, a jera kuɗin kowa a kan littafinta. Kada kowa ta ɗauka sai an ga na mutum ta ƙarshe ya cika. In an sami gibi a nan za a gyara, don kuɗin da ya shiga bakin zane ba ya dawowa faranti.

Kafin a watse a gama abu uku. Mai son fita ta fita ba tare da an tambaye ta dalili ba, mai son shiga a kawo sunanta a duba. A sake zaɓe, ko da waɗanda ke kai ne za su dawo, makullai kuma su canza hannu. Sannan a tambaya ko kowa za ta bar hannu huɗu ko biyar a matsayin zubin farko, domin sabuwar shekara ta sami abin sayen wake tun makon farko na Nuwamba, kafin ƴan sari su ɗaga farashi.